Daga Magaji Zuwa Ma'aikaci: Tarihin Kwantiragin Sabon Likitan Ido a Amurka

Yau za mu duba tarihin wata takarda da masu rubuta tarihin likitanci ba su cika kulawa da ita ba, wato kwantiragin da matashin likitan ido yake sa wa hannu ranar da wani asibiti mai zaman kansa ya ɗauke shi aiki. Za mu fi zama a Amurka, inda har yau yawancin likitocin ido a irin waɗannan asibitoci suke aiki. Amma sai mun fara biyawa ta Ingila, domin daga can aka gaji wasu daga cikin sharuɗɗan.

Likitan da ya rasa marasa lafiya

A ƙarshen 1890 wani likita ɗan shekara 31 ya rufe asibitinsa a garin Southsea na kudancin Ingila, ya tafi birnin Vienna don ya ƙware a aikin ido. Da ya dawo a 1891 sai ya kama ɗaki a titin Upper Wimpole na Landan, unguwar manyan likitoci, ya zauna jiran marasa lafiya. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa ko mutum ɗaya bai shigo ba. Zaman jiran nan ya cike shi da rubuta gajerun labarai, kuma kafin shekarar ta ƙare ya ajiye likitanci gaba ɗaya. Sunansa Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙirƙiri mai binciken nan Sherlock Holmes.

Tun kafin wannan ya taɓa ɗanɗana ɗacin harkar. A 1882, yana sabon likita, wani abokin karatunsa mai suna George Budd ya gayyace shi garin Plymouth su yi aiki tare. Ba su cika wata biyu ba Budd ya ce zamansa yana rage masa ciniki. Ya sallame shi da alkawarin zai riƙa aika masa fam ɗaya duk mako har ya tsaya da ƙafarsa, daga baya kuma ya janye alkawarin. Da abin da bai kai fam 10 ba Doyle ya isa Southsea ya fara daga tushe.

Labaran nan biyu sun tattara dukan matsalar. Sabon likita yana da ilimi da ƙarfi, amma ba shi da marasa lafiya. Tsohon likita yana da marasa lafiya da suna da kayan aiki, amma hannunsa biyu ne kacal, ga tsufa yana tafe. Kowa yana buƙatar ɗan'uwansa, kowa kuma yana tsoron ɗan'uwansa. Babba yana tsoron yaro ya kwashe masa mutane ya buɗe nasa a ƙofar gida. Yaro yana tsoron ya yi wa babba wahala a sallame shi hannu rabbana. Duk wanda ya san zaman ubangida da yaron shago a Kantin Kwari ya san wannan. Kusan kowane sharaɗi da za mu gani a kwantiragin yau daga ɗayan tsoron nan biyu ya fito.

Sayen suna da hana buɗewa kusa

A Ingilar zamanin Doyle, hanyar da aka saba ita ce saye. Likitan da zai yi ritaya yakan sayar da asibitinsa, kuma abin da ya fi tsada a cinikin shi ne sunan wurin da gidajen da suka saba kiran likitansa. Farashin yakan kai kimanin kuɗin shigar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Wanda ba shi da wannan kuɗi sai ya shiga a matsayin mataimaki a kan ɗan albashi, da fahimtar cewa in an ga halin juna za a sayar masa da kaso. Da yawa bashi suka ci, suka yi shekaru suna biya. Dokar 1946 da ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, ta haramta wa likitocin unguwa da suka shiga tsarin sayar da wannan suna, gwamnati ta ware fam miliyan 66 don biyan su diyya. A Amurka ba a yi irin wannan doka ba, don haka cinikin suna ya ci gaba.

Sharaɗin hana buɗewa kusa ya girmi wannan nesa ba kusa ba. A 1414 an kai wani marini mai suna John Dyer kotu a Ingila, saboda ya yi alkawarin ba zai yi rini a garin mai ƙarar ba har wata shida. Alƙalin ya fusata da irin wannan alkawari, har ya ce da mai ƙarar yana gabansa da kurkuku zai tura shi. A ganin dokar lokacin, hana mutum sana'arsa cutar da jama'a ne. Kusan shekara 300 bayan haka, a 1711, ra'ayi ya sauya. Wani mai gidan burodi a Landan mai suna Reynolds ya ba Mitchel hayar gidan na shekara biyar, ya yi alkawarin ba zai gasa burodi a unguwar ba a tsawon lokacin, sannan ya saɓa. Kotu ta ce alkawarin ya hau kansa, tunda an iyakance wuri da lokaci, kuma ya karɓi wani abu a madadinsa. Da wannan ma'auni yawancin kotunan Amurka suke auna kwantiragin likita har yau: mil nawa, shekara nawa, kuma ko hanin ya wuce abin da ake buƙata don kare mai asibiti.

Lokacin da albashi yake abin kunya

Kafin mu ci gaba, mu bambanta mutum uku da mu nan duk masu aikin ido muke ce musu. Akwai likitan ido mai tiyata, wanda ya gama makarantar likitanci sannan ya ƙware a ido. Akwai likitan awon ido, mai makarantarsa daban, wanda asalin aikinsa gwada gani da rubuta tabarau. Sai mai haɗa tabarau, wanda yake yanka gilashi ya sayar. Jihar Minnesota ce ta fara ba masu awon ido lasisi a 1901, kuma zuwa 1924 duk jihohi sun bi. Su kuma masu tiyata a 1916 suka kafa hukumar jarrabawar ƙwarewa, wadda ita ce ta farko a duk fannonin likitanci a ƙasar.

A rabin farko na ƙarni na 20, likitan Amurka mai daraja shi ne mai cin gashin kansa, wanda marar lafiya yake biya hannu da hannu. Ƙungiyar Likitocin Amurka tana kallon aikin albashi a ƙarƙashin kamfani ko wata ƙungiya a matsayin zubar da mutuncin sana'a. Da wani kwamitin bincike kan tsadar magani ya ba da shawara a 1932 cewa likitoci su riƙa aiki rukuni-rukuni, editan mujallar ƙungiyar, Morris Fishbein, gurguzanci ya kira abin. Sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukunci a kan ƙungiyar a 1943, saboda zagon ƙasa da ta yi wa wata ƙungiyar lafiya ta ma'aikatan gwamnati a Washington mai biyan likitocinta albashi, sannan adawar ta fara sanyi. Jihohi da dama kuma sun tsaya a kan cewa kamfanin da ba na likitoci ba ba zai ɗauki likita aikin duba marasa lafiya ba. Mu riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi.

Ke nan sabon likitan ido hanya biyu gare shi: ya buɗe nasa ya yi zaman jira irin na Doyle, ko ya raɓi wani babba da fatan ya gaje shi. Abin da yake riƙe da yawansu a lokacin kuwa tabarau ne. Kamfanonin gilashi sukan mayar wa likita wani kaso na kuɗin duk tabarau da ya rubuta, ba tare da marar lafiya ya sani ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin tarayya ta maka kamfanonin American Optical da Bausch & Lomb a kotu tare da ɗimbin likitoci, kuma a farkon shekarun 1950 aka haramta wannan la'ada. Tun daga nan tambayar wa zai ci ribar tabarau ta zama abin da ake rubutawa a takarda.

Medicare da yanar ido

Abu biyu suka haɗu suka haifi kwantiragin da aka sani yau. Na farko fasaha. A ƙarshen 1949 Harold Ridley ya fara aikin sa ɗan gilashin roba a cikin ido bayan cire yana, a asibitin St Thomas na Landan. A 1967 Charles Kelman na New York ya fito da hanyar farfasa yanar da na'ura a zuƙe ta ta ƙaramar kafa. Aikin da a da yake kwantar da mutum kwanaki a asibiti, zuwa shekarun 1980 ya koma na a yi wa mutum da safe ya kwana a gida.

Na biyu kuɗi. A 30 ga Yulin 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ga 'yan shekara 65 zuwa sama. Yanar ido ciwon tsufa ce, don haka dare ɗaya miliyoyin masu ita suka sami mai biya musu. Kuma a farko gwamnati tana biya ne bisa abin da likitocin yanki suka saba caja. A tsakiyar shekarun 1980 ladan likita a aikin yana ɗaya ya haura dala 1,500. Daga 1982 kuma Medicare ta fara biyan ƙananan ɗakunan tiyata masu zaman kansu, sai likitocin ido suka shiga gina nasu, suna karɓar ladan hannu da kuɗin ɗaki.

Aiki ya yi wa manya yawa, kayan aiki kuma suka yi tsadar da sabon likita ba zai iya saye shi kaɗai ba. A nan tsarin ya zauna da gindinsa, kuma ga yadda yake. Za a ɗauki matashi a kan albashi tsayayye na shekara ɗaya zuwa uku, galibi biyu. A kan albashin akwai ƙari, wanda ba ya farawa sai kuɗin da aikinsa ya shigo da su sun haura wani mataki, yawanci ninki biyu zuwa uku na albashin. Mu ba da misali da alƙaluman da muka zaɓa don sauƙin lissafi. Albashi dala 250,000, mataki dala 750,000, ƙari kashi 30 cikin 100 na abin da ya haura. In ya shigo da dala miliyan ɗaya, rarar 250,000 ce, ƙarinsa 75,000, ya tashi da 325,000. Sauran ya tafi ga haya, ma'aikata, na'urori, da ribar masu wurin.

Me ya sa zai yarda wasu su ci ribar guminsa? Saboda abin da yake ƙarshen hanya. Bayan shekarun gwaji za a sayar masa da kaso ya zama ɗaya daga cikin masu asibitin. Kuɗin kason kashi uku ne: darajar kayan aiki, basussukan da asibiti yake bin kamfanonin inshora da marasa lafiya, sai kuɗin suna, wancan dai na Ingila. Ba kasafai yake biya a dunƙule ba, ana yankewa ne daga rabonsa na shekara uku zuwa biyar. Ɗakin tiyata da shagon tabarau da ginin kansa sukan zama kamfanoni daban, kowanne da cinikinsa. In ya gama biya, wata rana shi ma zai ɗauki yaro, kuma yaron ne zai sayi kasonsa ranar ritaya. Ƙaramin albashin farko tamkar zubin adashi ne, kowa yana zubawa don ya san ɗaukarsa tana tafe.

Raunin tsarin shi ne, a kwantiragi da yawa ba a rubuta alkawarin kason a matsayin wajibi. Abin da ake rubutawa shi ne za a duba yiwuwar hakan. Ba a faɗin rana, ba a faɗin yadda za a lissafa farashi. Haka kuma wanda yake raba marasa lafiya shi yake riƙe da ƙarin matashi: in babba ya tsare aikin tiyata ya bar wa yaro duba masu dawowa, yaro zai wuni yana aiki bai kai matakin ba.

Da kuɗin suka fara ja da baya

Gwamnati ta ga kuɗin yanar ido suna cinye mata aljihu, sai ta fara yanka tun a ƙarshen shekarun 1980. A Janairun 1992 ta kawo sabon tsari da aka gina a kan binciken William Hsiao na Jami'ar Harvard. Kowane aikin likita aka ba shi maki bisa lokaci da wahala da kuɗin gudanarwa, sannan a ninka makin da wani adadin dala. Aikin yana yana cikin waɗanda suka fi shan yanka, kuma ba a daina ba. A 2020 kaɗai an rage kimanin kashi 15 cikin 100, yau ladan likitan bai kai dala 600 ba. Ko ba a sa faɗuwar darajar dala a lissafi ba, ya koma kusan sulusin na da.

Wannan ya shiga kwantiragi ta hanya biyu. Wasu wuraren suka koma lissafa ƙarin matashi da maki maimakon kuɗin da aka karɓo, abin da yake kare shi in an tura masa talakawa masu inshora mai arha, amma yake sa shi tseren yawan kai. Sannan riba ta ƙaura daga hannun likita zuwa ɗakin tiyata da shagon tabarau da ayyukan da marar lafiya yake biya daga aljihunsa. Wanda aka sayar wa kaso a asibiti aka hana shi na ɗakin tiyata, an ba shi ƙashi an riƙe tsoka.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya samo asali daga rikicin inshora na tsakiyar shekarun 1970, lokacin da ƙararrakin sakacin likitoci suka yi yawa har wasu kamfanonin inshora suka gudu. Waɗanda suka tsaya sai suka koma sayar da inshorar da take kare likita daga ƙarar da aka shigar a lokacin da yake biya kawai. In ya bar aiki yau aka kai shi ƙara baɗi a kan tiyatar bara, ba ruwansu, sai in ya sayi ƙarin kariya da Amurkawa suke kira wutsiya. Kuɗinta yakan kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na inshorar shekara. Wa zai biya wutsiya, mai tafiya ko mai gida? Layi ɗaya ne a kwantiragi, amma yakan hana mutum barin wurin da ba ya jin daɗi.

Hanyar masu awon ido

Su likitocin awon ido da 'yan kasuwa suka yi tasu gwagwarmayar. A 1961 Stanley Pearle ya buɗe shagonsa na farko a Savannah ta jihar Georgia, inda ake gwada ido a sayi tabarau a wuri ɗaya. A 1978 Hukumar Kula da Kasuwanci ta Tarayya, FTC, ta wajabta a ba marar lafiya takardar awonsa ya kai inda ya ga dama. A 1983 LensCrafters ta zo da tabarau cikin kimanin awa ɗaya a manyan kantuna. A gefe guda aikinsu yana faɗaɗa: jihar West Virginia ta ba su izinin rubuta maganin ido a 1976, Medicare kuma ta faɗaɗa biyansu daga 1987.

Sai sabon mai awon ido ya sami kansa da zaɓi iri-iri. Ko albashi a asibitin wani, ko kuɗin yini, ko kaso daga abin da ya shigo da shi, ko ya kama hayar ɗaki a jikin kantin tabarau a jihohin da doka ta hana kanti ɗaukarsa aiki kai tsaye. A nan tambaya biyu ne suke yanke hukunci. Shin kasonsa ya haɗa da cinikin tabarau ko kuɗin gwaji ne kawai? Sannan ma'aikaci ne shi ko ɗan kwangila? Ɗan kwangila yakan ga adadi mai kauri a takarda, amma shi zai biya dukan harajin fansho da lafiyar tsufa, kashi 15.3 cikin 100, wanda ma'aikaci yake rabawa da mai gidansa, kuma ba shi da hutu mai albashi ko inshorar lafiya.

Masu saye su sayar

A shekarun 1990 wasu kamfanoni suka ga cewa in aka tattara ƙananan asibitoci a ƙarƙashin inuwa ɗaya za a iya sayar da hannun jarinsu a kasuwa. A fannin ido babbansu shi ne Physicians Resource Group na Dallas, wanda ya shiga kasuwar hannun jari a 1995, ya sayi asibitoci barkatai, ya durƙushe a 2000. Likitoci da yawa sai da suka sake sayen wuraren da suka sayar.

Bayan kimanin shekara 15 abin ya dawo da sabon kaya, wannan karon ta hannun kamfanonin jari masu sayen kasuwanci su kitsa shi su sayar bayan 'yan shekaru. Wani bincike da mujallar Ophthalmology ta buga a 2020 ya ƙirga asibitocin ido 228 da irin waɗannan kamfanoni suka saya tsakanin 2012 da 2019, mafi yawa a shekaru ukun ƙarshe. A 2019 an yi cinikin EyeCare Partners a kan dala biliyan 2.2, da MyEyeDr a kan biliyan 2.7. A ƙarshen 2024 kamfanin rarraba magunguna Cencora ya amince ya sayi Retina Consultants of America a kan biliyan 4.6. A jihohin da suka hana kamfani mallakar aikin likita, sai a bar asibitin da sunan wani likita, a kafa kamfanin gudanarwa ya mallaki kaya da ma'aikata ya riƙa karɓar kuɗin hidima.

Lissafin cinikin shi ne abin lura. Mu sake ba da misali namu. Likitoci huɗu masu asibiti suna raba dala miliyan 4 a shekara. Sun yarda daga yau za su bar wa mai saye miliyan 1 duk shekara, shi kuma ya ba su ninki goma a dunƙule, wato miliyan 10. Ga wanda saura masa shekara uku ya yi ritaya wannan gagarumar riba ce. Amma miliyan ɗayan da aka cire ba zai dawo ba, kuma wanda zai yi shekara 30 yana aiki a wurin shi zai biya ta. Matashin da ya zo bara a kan ƙaramin albashi yana jiran kaso, ba shi da ko sisi a miliyan goman, domin bai zama mai wuri ba tukuna. Ya yi zubi, uwar adashi ta rufe asusu. In kuma kwantiraginsa ya ba da damar a miƙa shi ga sabon mai gida, to sharaɗin hana buɗewa kusa zai bi shi zuwa hannun mutanen da bai taɓa zama da su ba, kuma in suna da rassa da yawa, da'irar hanin tana iya rufe birni guda.

Don adalci, masu goyon bayan tsarin suna da hujjarsu. Albashin farko a irin waɗannan kamfanoni yakan fi na gargajiya, ba a neman matashi ya ci wani bashin don sayen kaso, kuma wani ne yake ɗaukar ciwon kan ma'aikata da takardun inshora. Ga wanda ya yi shekara 12 yana karatu da horo bayan sakandare, ya fito da bashin makaranta na kimanin dala 200,000, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ya san abin da ya musanya. Alƙaluman Ƙungiyar Likitocin Amurka sun nuna cewa a 2018, karo na farko, likitoci ma'aikata sun fi likitoci masu wuri yawa a ƙasar.

Inda aka kwana

Da alkawarin kaso ya yi rauni, sai idanu suka koma kan sharaɗin hana buɗewa kusa, domin hujjarsa ta asali ita ce kare wurin da kai ma za ka gada. Lauyoyin Amurka sun daɗe da haramta wa kansu irin wannan sharaɗi, da hujjar cewa mai ƙara yana da 'yancin zaɓar lauyansa. Ga likitoci kuwa jiha-jiha ne. California ba ta amincewa da shi tun ƙarni na 19, Massachusetts ta haramta shi ga likitoci a 1977, Minnesota ta haramta sababbi ga kowa daga Yulin 2023. A Afrilun 2024 hukumar FTC ta kaɗa ƙuri'a uku da biyu ta haramta shi a duk ƙasar, amma a Agustan shekarar wata alƙaliyar tarayya a Texas, Ada Brown, ta soke dokar kafin ta fara aiki, kuma a 2025 hukumar ta janye ɗaukaka ƙararta. Gardamar da aka fara a kan marini a 1414 ba ta ƙare ba.

Wanda abin ya fi matsewa shi ne likitan da ya zo daga waje. Akwai shirin da aka fara a 1994, mai ɗauke da sunan Sanata Kent Conrad, wanda yake yafe wa likitan da ya yi horo da bizar musaya sharaɗin komawa gida na shekara biyu, in ya yarda ya yi shekara uku a yankin da yake ƙarancin likitoci. A tsawon lokacin izinin zamansa yana rataye da wanda ya ɗauke shi, don haka bakinsa ba shi da ƙarfi a teburin ciniki. Tunda ƙannenmu da 'ya'yanmu likitoci da dama suna neman hanyar fita, ya kamata su san da wannan tun suna gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da muka tsinta a wannan tarihi shi ne, adadin albashin shekarar farko, wanda shi ido yake fara faɗawa a kai, shi ne mafi ƙarancin bayani a takardar. Tun daga mataimakin likita na Ingila har zuwa matashin yau, darajar cinikin tana ga abin da zai faru a shekara ta uku. Shin akwai kaso, kuma an rubuta ranarsa da yadda za a lissafa farashinsa? Ya haɗa da ɗakin tiyata da shagon tabarau? In aka sayar da wurin kafin ranar, me yaro zai samu, kuma hanin zai faɗi ko zai bi shi? In mai gida ne ya kore shi ba da laifi ba, wa zai biya wutsiya? In amsar ita ce babu kaso, to babu dalilin karɓar albashin mai jiran gado. A biya shi cikakken ladan ma'aikaci tun daga ranar farko.

Mun saba cewa alkawari kaya ne, kuma a kasuwanninmu ubangida da yawa sun sauke shi ba tare da takarda ba, sun sallami yaransu da jari. Amma abin da ya faru a Amurka ya nuna cewa ko ubangida mai amana yana iya sayar da shagon, kuma wanda ya saya takarda kawai zai karanta. Masu aikin asibiti da masu shago a cikinmu, muna son jin yadda ake ƙulla irin wannan a wajenku, da ko an fara rubuta ranar sallama. Sai mako mai zuwa.